Jijiyar Dutse

Ni ne mai gadin lakwal a Zango, nan Damagaram.
Da can dutse nake fasawa a bayan Kara-Kara,
shekara sha tara ina kai guduma sama
har kafaɗa ta ce ta gaji, na ajiye.

Daren Talata wuta ta ɗauke.
Na shiga ajin ƙarshe da cocila in ja taga,
sai ga allon Mushe Mutari ba a goge ba.
Ya jera lambobi kamar jarkoki a bakin famfo:
ɗaya, sai biyu ta manne mata, 12,
uku ta zo ta ɗafe, 123,
a haka har tara,
kowace na riƙe da gefen zanen ta gabanta.

Da safe na tare shi yana kafe babur.
"Mushe, wannan lambar waya ce ko bashi?"
Ya yi dariya har alli ya faɗo daga aljihunsa.
Ya ce, "Baba Ma'azu, ai sana'arka ce ta da.
Kowace lamba dutse ce. Nemo jijiyarta, ka doka."

Sha biyu, in ji shi, marmara ce,
biyu sau biyu sau uku, ko yaro ya murƙushe.
Ɗari da ashirin da uku, sara guda:
uku ta faɗi nan, arba'in da ɗaya can,
ita kuwa arba'in da ɗaya, ko kwana za ka yi kana duka,
ba ta tsagewa.
Irinsu yake kira gagara-rabo,
ba mai raba su sai ɗaya, sai su da kansu.
Na san su.
Akwai baƙar tsakuwar da ke mayar da guduma
har ka ji amsa a haƙorinka.

Mai shida a jere, 123456, ta ba ni kunya.
Ga girma, ga ban tsoro,
amma sau shida ana raba ta biyu tana yarda,
kamar falalen da muka kwana muna ƙona wa taya
da asuba muka watsa masa ruwa.

Mai bakwai ce ta riƙe aji mako guda.
1234567.
Biyu ta zame, uku ta zame, biyar ko ƙura ba ta tayar ba.
Samari suka rufe littafi, suka tafi ƙwallo.
Fanna, ɗiyar mai faci a bakin kasuwar Dole,
ta zauna kan dakalina bayan an tashi,
bironta duk tabon haƙori,
tana gwadawa, tana sokewa.
Duka talatin, dutse shiru.
Na ce, "Yarinya, magariba ta yi."
Ta ce, "Saura ɗaya, Baba."
Na talatin da ɗaya, ɗari da ashirin da bakwai,
sai ta ɗago kai ba ta ce komai ba.
Na gane fuskar.
Haka mutum yake yi in ya ji ƙarar ta canza a ƙarƙashin guduma.

Mushe ya ce in daga ɗaya aka faro jerin,
duk wadda ya taɓa gwadawa ta fashe,
bai san ko can gaba akwai mai taurin kai ba.
Amma faro daga wani wuri ka gani:
biyu da uku, 23, tana tsaye.
Takwas da tara, tana tsaye.

Bana shekaruna sittin da bakwai.
Shida, bakwai, a manne.
Jiya da dare na tara tsakuwa a gindin bedi na gwada.
Bibbiyu, ɗaya ta rage.
Uku-uku, ɗaya ta rage.
Biyar-biyar, saura biyu.
Bakwai-bakwai, huɗu suna kallona.

Lissafi ya ce ba na fasuwa.
Na miƙe in kai wa Mushe labari,
kafaɗa ta ce a sake lissafi.